Fitilar Ƙwai

Mu huɗu ne, in ba a ƙirga janareton aro ba.
Ashiru da gitar da ya saya a gwanjon Sabon Gari,
tsirkiyarta ta biyar wayar birkin keke ce.
Saratu 'yar Wusasa, da ta koyi jan murya a coci.
Jatau mai fiyano, haƙora uku sun mutu,
ya iya tsallake su kamar mai tsallake kwata.
Sai ni, Ɗantala, can baya wajen ganguna,
inda ba a ganin fuskar mutum sai gwiwar hannunsa.

Sunan ma ba mu muka raɗa ba.
Daren farko, a wani ɗakin taro a Samaru,
muna tsakiyar baiti na biyu aka ɗauke wuta,
janareto ya yi tari sau biyu ya kwanta.
Mai shayin bakin ƙofa ya shigo da fitilarsa ta ƙwai,
ya dire ta gaban Saratu, ya ce, ku ci gaba.
Mutum goma sha ɗaya suka saurare mu,
biyu daga cikinsu ruwan sama ne ya koro su.

Kaset ɗin farko a bayan shagon tela muka naɗa,
mun toshe taga da katifa.
In ka kasa kunne a waƙa ta uku
za ka ji jirgin ƙasa yana kuka daga tasha.
Babu kuɗin sakewa, sai muka ce da gangan ne.
Guda ɗari biyu, bangon Ashiru ya zana da biro.
Sittin da bakwai suka shiga,
saura na ƙarƙashin gadon gyatumata, cikin kwalin sabulu.

Aka ce kiɗanmu ba ya rawuwa,
ba na biki ba ne, ba ya wasa mai kuɗi.
Ba su yi ƙarya ba.
Mu waƙar layin famfo muke yi,
da ta yarinyar da ta sauka a Kwangila ba ta waiwayo ba,
da ta yajin aikin da ya cinye mana shekara.

Sai daminar da rediyo ta so mu.
Wata uku cur.
Na shiga bas daga Ƙofar Doka,
kwandasta na rera amshin "Babu Canji" yana buga ƙofa,
bai san mai gangar ne ya miƙa masa naira biyar ba.
Ni kuwa ban tambayi canjina ba.

Wani mai kamfani ya zo da takarda shafi tara,
ya ce a ajiye gita, a sa inji,
a bar Saratu ita kaɗai a bangon kaset.
Muka hau Kufena muna gardama har magariba,
Jatau na cewa da babu gara ba daɗi,
Saratu na jifar kwari da tsakuwa, ba ta ce uffan ba.
Ba mu sa hannu ba.
Har yau in barci ya ƙi zuwa, nakan sake karanta shafi na bakwai.

Ba faɗa aka yi ba.
Jatau ya samu banki a Jos, ya ce sai ƙarshen wata,
watan bai ƙare ba har yanzu.
Saratu ta sa farin kaya a asibitin Shika,
marasa lafiya ke jin muryar da dare, kyauta.
Ashiru, zazzaɓin kwana huɗu.
Mun dawo daga maƙabarta, gitar na jingine da bango,
ba wanda ya yarda ya fara taɓa ta.

Bara wata ɗaliba ta zo shagona a Tudun Wada,
inda nake gyaran rediyo da fanka.
Ta ce a akwatin babanta ta tsinci kaset ɗin,
ta juye shi a waya, ƙawayenta duk sun haddace.
Ta kunna waƙa ta uku, ta ɗaga yatsa:
Baba, jirgin nan, yaya kuka yi ya shigo daidai kan gaɓa?

Na hure ƙarfen lika, na rataye shi,
na jira kukan ya wuce.
Na ce mata, da gangan ne.